Zaɓen tayar baya ga babur ɗin lantarki na hanyar turɓaya: tambayoyi da amsoshi

Baburan da ake magana a kansu a nan su ne na ratsa daji da hawa tudu, irin su Sur-Ron da Talaria da ake ƙerawa a ƙasar Sin, da KTM Freeride E ta Ostiriya, da Stark Varg ta kusa da Basalona a Sifaniya. Ban da baburan lantarki na acaɓa da na zirga-zirgar cikin gari, waɗanda lissafin tayarsu daban ne. Tambayoyin su ne waɗanda masu baburan suka fi maimaitawa da zarar tayar da ta zo daga kamfani ta fara suɗewa.

Me ya sa tayar baya ke ƙarewa da wuri a irin waɗannan babura?

Saboda yadda injin lantarki ke sakin ƙarfinsa. Babur mai shan fetur sai injin ya ɗauki wuta kafin ƙarfi ya iso ƙasa, ga kuloci da giya a tsakani suna rage kaifin abin. Na lantarki ba ya jira. Da ka murɗa totur, ƙarfin juyi ya sauka kan taya tun babur yana tsaye cik. Idan ƙasar ba ta riƙe ba, sai tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana ƙartar ƙasa, haƙoranta na gogewa.

Shirun babur ɗin ma yana da nasa laifin. Mai babur ɗin fetur kunnensa ke gaya masa taya ta kuɓuce, don injin zai kwarma ihu. A nan kuwa ƙarar kaɗan ce, sai sabon mahayi ya daɗe yana tono rami da tayarsa bai sani ba. Sannan yawancinsu suna da birkin inji mai mayar da wuta cikin batir idan an saki totur, kuma tayar baya ce ke ɗaukar wannan nauyi ta ɗaya gefen haƙoran. Ana cin haƙoranta ta gefe biyu ke nan.

Mene ne ma'anar lambobin da ke jikin taya?

Ɗauki wadda aka rubuta wa 90/100-16 51M. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 90. Ta biyu tsayin gefenta ne, daga bakin rim zuwa sama, amma a matsayin kaso na faɗin: 100 na nufin tsayin daidai yake da faɗin. Ta uku, 16, girman rim ne a inci. Lambar 51 tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka, wato kilo 195, harafin M kuma gudun da aka amince mata, kilomita 130 a awa.

Akwai tsohon salon rubutu irin 2.75-19 ko 3.00-18, inda lambar farko faɗi ne a inci. Inci 3 wajen milimita 76 ne.

Sai dai kada ka rantse da lambar faɗi. Wasu kamfanonin daga jikin tayar suke aunawa, wasu daga ƙarshen haƙoran gefe. Shi ya sa tayar gasar daji mai 140/80-18 ba ta fi mai 110/100-18 faɗi da wani abin kirki ba idan aka jera su. Idan wurin da tayar za ta zauna ya yi ƙunci, a nemi mai sayarwa ya sa awo ya auna ta.

Ba dai a sa mafi girman tayar da za ta shiga ba, shi ke nan?

A nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Taya mai faɗi tana da kyan gani, ba musu, amma a tambayi babur ɗin tukuna.

Sur-Ron Light Bee X nauyinsa kilo 50 ne da ɗoriya, ƙarfinsa a ƙirar da aka fi sani kilowat 6. Da taya 70/100-19 yake zuwa gaba da baya, a kan siririn rim mai faɗin inci 1.4. Babban wansa, Ultra Bee, kilo 85 ne da kilowat 12.5 a ƙirar farko, tayar bayansa 90/90-19. Stark Varg kuwa ya kai ƙarfin doki 80, nauyinsa ya haura kilo 110, kuma tayar manyan baburan tsere yake sawa, irin 110/90-19. Ita wannan ta haura kilo 5, kusan ninki biyu na tayar Light Bee. Ɗora ta a kan Light Bee kamar ka sa wa yaro takalmin babansa ne ka ce ya yi tsere.

Nauyin da ke bakin wili ya fi na ko'ina tsada, don sai an juya shi kafin a tura shi gaba, kuma duk sanda ka taka birki ka sake tashi sai an sake biyan wannan farashi daga batir. Injin ya fi ɗaukar zafi a hawan tudu. Shokozoba ma tana wahala, don wili mai nauyi ba ya saurin komawa ƙasa bayan ya daki dutse, kuma taya da ke sama ba ta riƙe komai.

Ga kuma matsalar wuri. Hannun ƙarfen da ke riƙe da wilin baya a ƙananan baburan nan matsattse ne. Taya mai faɗi za ta riƙa gogar cen, ko haƙoran gefenta su ci ƙarfen. Wasu sukan ja wilin baya can ƙarshe su ƙara wa cen tsawo, wasu su yanke haƙoran gefe da wuƙa. Ana yi, amma wanda ya sayi taya ya fara da datse ta, da ma ƙaramar ya saya. Kuma taya mai faɗi a kan siririn rim tana tsukewa ta yi tsini a tsakiya, sai abin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, nauyi kawai aka ƙara.

Shawarata ita ce a hau mataki ɗaya daga abin da kamfani ya sa, a tsaya nan, sai fa idan an canja batir da na'urar da ke sarrafa wuta an ninka ƙarfin babur ɗin.

Rim mai inci 19, 18 ko 16: wanne ya fi?

Kowane allazi da nasa amanu. Inci 19 shi ne ya zo da yawancin ƙananan baburan, ba sai an sayi sabon wili ba. Aibinsa, gefen tayar gajere ne, iskar ciki kaɗan ce, dutse na saurin matse tub a jikin rim. Sannan manyan kamfanoni sun fi yin 70/100-19 a matsayin tayar gaba ta baburan tsere na yara masu inji 85cc. Zanen tayar gaba kuwa an tsara shi ne don juya kai da birki, ba don tura babur ba. Tana aiki a baya, amma ba wurinta ba ne. Talaria Sting R da 80/100-19 yake zuwa a baya, wadda ta ɗan fi dama.

Inci 16 ya yi farin jini saboda dalili guda: shi ne wilin baya na waɗancan baburan 85cc ɗin, don haka Dunlop da Michelin da Pirelli da Maxxis duk suna da ainihin tayar baya mai 90/100-16. Gefenta dogo ne, tana shanye duka, tana kuma karɓar ƙaramar iska. Ana ɗora ta ne a kan rim mai faɗin inci 1.85.

A yi lissafi kaɗan. Tsayin wili da taya 70/100-19 wajen milimita 623 ne, na 90/100-16 kuma 586. Bambancin kusan kashi 6 cikin ɗari ne. Ƙaramin wili yana ƙara wa babur ƙarfin tashi ya rage masa ƙurewar gudu, kwatankwacin a ƙara haƙora 3 a faifan cen na baya mai haƙora 48. Bayan babur zai sauka da kimanin milimita 18, kan ya ɗan yi nauyin juyawa. Agogon gudu ma zai fara ƙarya, don a yawancinsu daga juyin inji yake lissafi.

Inci 18 shi ne na masu dogon daji da duwatsu, kuma a kansa ne aka fi samun zaɓin taya a duniya. Ga ƙaramin babur a nemi siririya, irin 80/100-18 ko 3.00-18. Idan tsayin wilin ya haura na asali, a ƙara haƙoran faifan cen, in ba haka ba babur zai yi sanyi a tudu.

Wace taya ce ta dace da wace ƙasa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Ka tsaya ka tuna inda ka fi hawa a mako, ba inda kake mafarkin zuwa ba.

Jigawa da rairayi, inda ƙafa ke nutsewa, suna son dogayen haƙora masu tazara, waɗanda za su tono su tura. Ƙurewar wannan salo ita ce taya mai haƙora a lanƙwashe don ɗibar yashi, irin Dunlop Geomax MX14 ko Bridgestone Battlecross X10. A cikin yashi babu kamarta. Da ka fito kan tsandauri kuwa sai ta fara rawa a kwana, haƙoran su kwanta. Wanda bai wuni a yashi ba, kada ya saye ta.

Taɓo da lakar fadama a damina su ma tazara suke so, don lakar ta riƙa fita da kanta idan taya na juyawa. Taya mai haƙora a cushe, cikin taku kaɗan laka ta cike ta, ta koma sumul.

Fako, burji da marmara akasin haka ne. Babu abin tonowa, sai dai a manne. Ana son gajerun haƙora masu faɗi, kusa da juna, don robar da ke taɓa ƙasa ta yi yawa. Dunlop MX53 da Bridgestone X40 na wannan layin ne. Marmara tana da kaifi, tana cin roba sosai, kuma dogayen haƙora a kanta sukan tsage daga gindi su ɓalle.

Yawancin mutane kuwa a tafiya ɗaya suke ratsa duka ukun: burji daga gida, yashi a ƙoramar da ta ƙafe, sai tsakuwa a gindin dutse. Ga irin wannan, tayar tsaka-tsaki ce amsa, irin Maxxis Maxxcross IT, Bridgestone X30 ko Pirelli Scorpion MX32 Mid Hard. Ba za ta yi fice a ko'ina ba, ba kuma za ta kunyata ka ba. Wanda ke da hali ya ajiye ta damina daban.

An ce tayar ƙasa mai laushi robarta tauri gare ta. Gaskiya ne?

Galibi haka ne. Sunan da ke jikin taya ƙasar yake nufi, ba robar ba. Dogayen haƙoran yashi da laka sai da roba mai tauri, in ba haka ba za su lanƙwashe. Gajerun haƙoran tsandauri kuma an fi yi musu roba mai ɗan laushi don su manne.

Me ya sa ake yawan ganin taya mai ƙananan haƙora murabba'i a kan Sur-Ron?

Wannan zanen tayar gasar hawan duwatsu ne, inda ake tafiya a hankali ba a sauke ƙafa. Shinko 241 ce ta fi yaɗuwa a ƙananan baburan lantarki, don tana da araha kuma ana samunta a 2.75-19, ba sai an canja wili ba. Tana manne wa dutse da saiwar itace da busasshiyar ƙasa, ba ta da ƙara a kwalta, kuma ba ta tono hanya. Ta dace da halin injin lantarki, wanda ake iya lallaɓa shi sannu a hankali.

Rauninta a laka yake da yashi mai zurfi. Kuma idan ka kwanta sosai a kwana, ba ta da manyan haƙoran gefe da za su kama ka.

Zan iya sa tayar babur ɗin acaɓa da ake samu a kasuwa?

Idan rim ɗinka inci 18 ne, 3.00-18 za ta shiga, kuma wannan girma ne da mai kayan babur a Kano ko Maraɗi ba zai rasa ba. Wannan ma dalili ne mai ƙarfi na zaɓar inci 18 ga wanda sai ya yi odar taya daga waje ya jira makonni. A kula dai, baburan haya da yawa inci 17 ne wilinsu, kuma 17 ba ta hawa 18 ko 16 ko da an yi mata dabara.

Tayar haya an yi ta ne don ɗaukar kaya da daɗewa: roba mai tauri, gefe mai kauri. A ƙarƙashin babur mai kilo 50 ba ta lanƙwasa yadda za ta rungumi ƙasa. Ta fitar da kai kunya a kan burji, amma ba ta tudun tsakuwa ba ce.

Iska nawa ake ba ta?

Baburan tsere na turɓaya tsakanin psi 12 da 14 suke yawo, wato ƙasa kaɗan da bar 1 (psi da bar ma'aunan ƙarfin iskar taya ne). Daga nan za ka fara. Idan hanyar duwatsu ce masu kaifi, ƙara zuwa 15 ko 16 don kada tub ya tsinke a bakin rim. A yashi da laka ana iya sauka zuwa 10, amma sai da makullin rim, wanda bayaninsa ke cikin amsa ta gaba. Doguwar tafiya a kwalta tana son 20 ko fiye.

Mai faci na bakin titi da tayar haya da ta mota ya saba. Zai ɗura mata iska har ta haura 30, ya ƙwanƙwasa ta da liba ya ji ta yi ƙara, ya ce ta yi. Don bakin tayar ya zauna daram a rim, wannan iskar daidai ce. Amma kafin ka hau, ka rage ta. Sayi ƙaramin geji mai karanta ƙananan lambobi ka ajiye, ka kuma auna da safe taya na sanyi, don zafin rana da na tafiya suna ƙara mata.

Me ke sa bawul ya tsinke daga jikin tub?

Taya ce ke zamewa a kan rim, tana jan tub ɗin da ita. Ƙaramar iska da fizgar injin lantarki idan suka haɗu, abin da ke faruwa ke nan. Maganinsa makullin rim: wani dunƙulen roba da ƙarfe ne da ke zama a ciki, ana ɗaure shi da noti ta wani rami a rim, ya danne bakin tayar. Ba duka baburan ke zuwa da shi ba, ka duba naka. Idan ban da bawul ka ga wani noti ya leƙo daga rim, shi ne.

Ƙaramin notin da ke kan bawul kuwa, kada a ɗaure shi har jikin rim. A mayar da shi sama ya haɗu da murfin. Ta haka, idan taya ta fara zamewa za ka ga bawul ɗin ya karkace gefe maimakon ya tsaya a miƙe, sai ka sace iska ka gyara kafin ya tsinke. Makullin yana sa wili ɗan rawa a babban gudu, ana kuma daidaita shi da ɗan nauyi a ɗaya gefen.

Ƙaya ta dame ni. Me zan sa a ciki?

Tub mai kauri, na milimita 3 ko 4, yana jure matsewar dutse, amma doguwar ƙayar aduwa ko ta bagaruwa tana huda shi kamar kowane. Kuma nauyi ne a wurin da aka fi gudun nauyi. Ga ƙaya, ruwan toshe huji da ake ɗurawa ta bawul ya fi amfani, ga araha.

Akwai kuma soso na musamman da ake cusawa a madadin tub, babu iska ko kaɗan. Michelin ce ta fito da shi a shekarun 1980 saboda gasar Paris-Dakar, wadda a lokacin take ratsa hamadar Tenere da Agadez. Ba ya faci, jinsa kamar taya mai psi 13 ne. Sai dai yana da tsada da nauyi, sai an shafe shi da man da aka yi masa, zafi da gudun kwalta suna lalata shi, kuma watanni yake yi ya saki. Sa shi ma sai da ƙwarewa da manyan liba. Ga Stark Varg ko mai shiga gasa ya dace. Ga ƙaramin babur da ake ƙirga kowane kaso na caji, ni ban ga ribarsa ba.

Dole ne tayar gaba da ta baya su zama na kamfani ɗaya?

A'a. A turɓaya ana haɗawa, muddin dukansu na irin ƙasa ɗaya ne.

Idan rabin tafiyata a kwalta take fa?

To ka bar tayar tsere. Kwalta na cinye dogayen haƙora cikin ɗan lokaci, kuma idan ta jiƙe suna santsi. Da yawansu an rubuta musu NHS, alamar ba a yi su don titi ba. Nemi mai tambarin DOT na Amurka ko harafin E cikin da'ira na Turai, irin Shinko 244, ko Kenda K760 idan turɓayar ta fi yawa. Za ka ga caji ma ya ƙara kai ka nesa.

Yaya zan gane lokacin canji ya yi?

Shafa gaban haƙoran tsakiya da yatsa. Sabuwar taya bakin haƙorinta a tsaye yake da kaifi. Idan ya zama gangare, ko da sauran tsayi, riƙon ya tafi, za ka ji babur na wutsil-wutsil a tudun da a da yake haye shi salun-alun. Duba kuma gindin haƙoran, musamman na gefe: tsaga a nan alama ce sun kusa ɓallewa.

Idan babu kibiya a gefen tayar, ana iya kwance ta a juya, ɗaya bakin haƙoran ya koma gaba, a ƙara morar ta. Mai kibiya, musamman ta yashi, ba a juya ta. Sai dai idan kana yawan dogaro da birkin inji, za ka tarar bayan ma ya ciwu, juyin ba zai ba ka da yawa ba.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Shekarar da aka yi ta. Akwai lambobi huɗu a gefen taya, galibi cikin ɗan zagaye: 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Taya na tsufa ko ba a hau ta ba, musamman wadda ta sha rana a ƙofar shago, robar ta bushe ta yi tauri. Danna haƙori ɗaya da farce, ka kuma lanƙwasa gefen ka ga ko ƙananan tsaga za su bayyana. Tabbatar an rubuta ta baya ce, kuma faɗin rim ɗinka yana cikin wanda kamfanin ya amince. Ka haɗa da sabon tub mai girman da ya dace da ita, da robar da ke rufe kawunan wayoyin wili. Idan sabon wili ka saya gaba ɗaya, bayan hawa na farko da na biyu a sake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, don sababbi sukan saki.